Yadda zaka sha maganin maleriya matsarmama ta taimaka maka

Jama'a mutane da yawa suna haɗiye Coartem, wato wani maganin maleriya, da ruwa kawai ciki ba komai, to gaskiya ana asarar magani a haka. Sinadarin lumefantirin dake cikinsa baya narkewa a ruwa, sai da maiƙo.

Ga yadda abin yake, hanta ce ke haɗa wani ruwa mai ɗaci daga kolestarol (wani nau'in maiƙo dake cikin jiki) ta ajiye a matsarmama, kana cin abu mai mai sai matsarmamar ta matso shi cikin hanji, kuma sinadaran cikinsa kamar sabulu suke, gefe ɗaya na kama ruwa ɗaya na kama mai, sai su lulluɓe maganin su kai shi bangon hanji ya shiga jini. Kusan kashi 95 cikin 100 na sinadaran nan ma jiki na sake tsotsewa ya mayar hanta.

Don haka kafin ka sha ko daidai lokacin, kurɓi madara ko kunun gyaɗa, ko ɗan ƙosai ma ya isa. Sha na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma har ya cika sau 6 gaba ɗaya a kwana 3, kar ka daina sha don ka ga zazzaɓi ya sauka dan Allah. In kayi amai cikin awa ɗaya ka sake sha.