Darasi na Tara: Shin Tumbi Yana Dawowa Bayan An Zuƙe Kitse?

Akwai wani aiki da likitocin tiyata ke yi wa masu son rage tumbi. Sukan ɗan tsaga fata, su zura siririn bututun ƙarfe da ke haɗe da na'ura, su zuƙo kitsen da ke kwance a ƙarƙashin fata. Wani likitan Faransa mai suna Illouz ne ya yaɗa wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1970. Yanzu tallar aikin ta iso cikin wayoyinmu, ga hoton ciki a tumbatse, ga hotonsa a lafe. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne yadda cikin yake bayan shekara guda.

Jiki yana ajiye kitse ne a cikin wasu ƙananan ƙwayoyi, kamar buhuna a ɗakin ajiya. Masana a Suwidin sun nuna a 2008 cewa da zarar mutum ya girma, yawan ƙwayoyin nan ba ya cika canzawa. Kumbura suke yi in an yi ƙiba, su motse in an rame. Likita yana kwashe wasu buhunan ne. Amma in aka ci gaba da shigo da hatsi fiye da wanda ake ci, dole a danna shi cikin buhunan da suka rage.

A 2011, a Jami'ar Kolorado ta Amurka, an bibiyi mata 32, aka yi wa 14 daga cikinsu aikin a cinya da ƙugu da mara. Bayan shekara ɗaya kitsen jikinsu ya koma yadda yake. Cinya ba ta sake cika ba, sai kitsen ya tattaru a tumbi. Wasu likitocin gyaran jiki suna jayayya da wannan sakamako, amma babu mai musun cewa in nauyi ya ƙaru, kitse zai sami wurin zama.

Yanzu kowa ya kama fatar cikinsa da yatsu, kusa da cibiya. Wannan laushin da kuka damƙo, shi kaɗai bututun likita ke iya kaiwa. Akwai wani kitsen can ciki, bayan naman ciki, wanda ke kewaye da hanji da hanta. Shi ne ke sa tumbin magidanta ya yi tauri ya turo riga gaba, kuma shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Ba a zuƙo shi, domin zura bututu a wurin yana iya huda hanji.

A nan ne abin ya fi damuna. A Jami'ar Sao Paulo ta Birazil, a 2012, an yi wa mata 36 wannan aiki a tumbi. Rabinsu suka riƙa motsa jiki sau uku a mako, rabi suka zauna. Bayan wata shida, waɗanda suka zauna kitsen cikin nan mai haɗari ya ƙaru musu da kusan kashi 10 cikin 100, masu motsa jiki kuwa bai ƙaru musu ba. Tun a 2004 ma an gwada mata 15 masu ƙiba a Amurka, aka cire wa kowacce kimanin kilo 10 na kitse, amma sugansu da jininsu ba su gyaru ba. Don haka duk wanda ya ce muku wannan aiki maganin suga ne, bai faɗa muku gaskiya ba. Haka kuma matar da cikinta ya saki bayan haihuwa, sau da yawa fata ce da naman ciki suka buɗe, zuƙe kitse ba ya ɗaure su.

Kada a manta, tiyata ce, kuma ana rasa rai a cikinta. Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a Sifaniya a watan Oktoba na 2005 bayan irin wannan aiki, daga baya kotu ta sami likitan da laifin sakaci. Wanda ya ƙudurta sai ya yi, ya tabbatar ƙwararren likitan tiyata ne mai rajista, a asibitin da ke da kayan ceto.

Aikin gida

Ku sami igiya, ku auna tsawonku daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ku yanke. Ku ninka ta biyu, ku zagaya da ita ciki, ɗan sama da cibiya, ba tare da kun shanye ciki ba. In bakunan igiyar sun haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, ku fara tafiyar sauri ta minti 30 kwana biyar a mako, ku rage lemon kwalba da suga a shayi da soye-soye, sannan ku je asibiti a gwada muku jini da suga. Ku rubuta ranar da kuka yi awon a littafinku, ku ajiye igiyar, za mu sake aunawa bayan wata uku.