Kurakuran da yara ke ta maimaitawa a kan firem, jan birona ya gaji

Shekara shida kenan ina yi wa 'yan sakandare lesin ɗin fiziks da yamma a nan Aboabo ta Kumasi, kuma wallahi kuskuren ɗaya ne duk shekara, fuskoki ne kawai ke canjawa. Maganar firem nake yi, wato inda mai kallo ya tsaya yake auna motsi. Yaro ya haddace fomula kamar karatun allo, amma ka ce masa "mota na gudun kilomita 60 a awa, a idon wa?" sai ya zuba maka ido.

Babban cikinsu shi ne ɗauka cewa tunda kana zaune to ba ka motsi. Ni wannan da ƙashina na biya kuɗin karatunsa. Ina ɗan shekara 16 na shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa kasuwar Kejetia, na ce wa met, wato yaron mota, zan sauka, direba ya rage gudu amma bai tsaya ba, ni kuma ina jin jikina a natse, kujera ba ta motsi, ƙofa ba ta motsi, sai kawai na dira kamar mai sauka daga benci. Ƙafa ta kama kwalta ta tsaya, sauran jiki ya ci gaba da tafiya da gudun motar, sai ga ni rub da ciki, hannun dama ya karye. Sati shida ina zarya wajen mai ɗori. Umma kuwa tana shafa min man zafi tana cewa "kai ne fa aka ce kana karatun sayans, ɗan nan". A firem ɗin trotro a tsaye nake cak, a firem ɗin titi gudu nake, kuma titin ne zai karɓe ni, to da shi ya kamata in yi lissafi. Shi ya sa ka ga met in zai dira yana fuskantar gaba yana ɗan gudu, bai taɓa shiga ajin fiziks ba amma ya fi ku ganewa, ku ji kunya.

Na biyu shi ne canja firem a tsakiyar lissafi, wannan ke cinye makin WASSCE, jarrabawar gama sakandare. Bas biyu a hanyar Kumasi zuwa Akara, ɗaya na gudun kilomita 80 a awa ɗaya 60. In hanya ɗaya suka nufa, direban baya yana ganin na gaba na tsere masa da 20 kacal, in kuma gaba da gaba suke to 140 ne. Me ya yi wuya a nan? Amma yaro zai fara layin farko a matsayin mai tallar lemu a bakin titi, layi na uku ya koma kujerar direba bai sani ba, ya tara inda ya kamata ya ɗebe. Maganina shi ne kafin ka rubuta ko lamba ɗaya ka zana ɗan mutum a gefen takarda, ni ina kiransa Baba mai kallo, ka nuna inda yake tsaye, ka ja kibiya ka ce nan ne fulos, wato ɓangaren da za ka sa wa alamar +. Wani abokin aikina ya ce ɓata lokaci ne. Shi ya sani, ni dai takardar da ba Baba a jiki ba na dubawa.

Sauran ƙanana ne. Ka cilla lemu sama a cikin bas ya dawo hannunka, kai ka ga ya miƙe, na bakin titi ya ga ya lanƙwasa kamar baka, ba wanda ya yi ƙarya, Galileo ya yi wannan bayanin da jirgin ruwa tun 1632. Amma sai in gudun bai canja ba, da direba ya taka birki ko ya sha kwana labari ya sauya. Ƙasar da muke takawa ma tana zagaya rana da kusan kilomita 30 a sakan, don haka a daina rubuta min "tsayuwa ta haƙiƙa". Gudun haske kuma ba a yi masa tarawa ko ɗebewa, kusan kilomita 300,000 a sakan ne a wajen kowa, a kan haka Einstein ya gina aikinsa na 1905.

Sai masu shan ataya da ke jawo sunan Einstein cikin musu, wai ai ya ce kowa da gaskiyarsa. Ina ya faɗa? Firem biyu ana juya awon ɗaya zuwa ɗaya a samu daidaito, in mota ta bugi mota to ta buga a idon kowa. Jiya wani da ya zo daga unguwar Nima ta Akara yake ce min haya a Kumasi araha ce, na ce Alhaji da albashin wa ka auna, ya yi dariya ya miƙo min kofi.