Yadda na tsayar da yoyon kwale-kwale mai inji a Lagdo

Alhamdu lillahi, yoyon ya tsaya, kuma godiya ga kafintan jirgi na bakin dam da ya nuna min wurin.

Matsalar: in jirgin yana ɗaure, cikinsa a bushe yake. Da an tayar da inji an ɗora buhunan kifi, sai ruwa ya taru a baya, yaro na ta kwasa da ƙwarya. Na sake shafa kwalta a gindi, na zargi igiyar ruwa. Duk ba su ba ne.

Laifin yana katakon baya, inda ake ɗaura inji. Girgiza ta sassauta ƙusoshi, har aka samu tsaga a wurin, kuma tsagar ba ta buɗewa sai inji ya danna bayan jirgi cikin ruwa.

Mun ja shi tudu, muka zuba ruwa bokiti shida a ciki, muka girgiza injin da hannu. Nan take ruwa ya tsattsafo ta kusurwar hagu. Muka kwashe, muka bar shi ya sha iska a inuwa, don rana tana ƙara tsaga katako. Na ƙwaƙule tsohon tsumman da ke cikin tsagar, na cire ƙusoshin, na sa noti huɗu masu kaurin milimita 8 da washa (ɗan faifan ƙarfe mai huda a tsakiya) ciki da waje. Sannan na tura auduga cikin tsagar da kurfi, a hankali, don dukan ƙarfi yana faɗaɗa ta. Kwalta mai zafi a kai, sai fallen gwangwani, ƙusa kowane yatsu biyu.

Jirgin ya kwana cikin ruwa katakon ya kumbura kafin a ɗora inji. Kaya masu nauyi kuma yanzu tsakiya suke zama.