Darasi na Tara: Yadda Ake Gane Nozul Ya Lalace da Yadda Ake Canza Shi

Duk wanda ya taso a Kaduna ya san Peugeot 504. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, kuma yawancin dattawan kanikawan garin nan a kan 504 da 505 suka koyi aiki. Yawancin waɗannan motoci kafireto ne ke ba su mai. In ya toshe sai a kwance shi, a wanke da fetur, a hura, a mayar, mota ta tashi. Motocin da suka biyo baya, irin su 406 da Corolla da Accord na bayan shekarar 2000, ba su da kafireto. Abin da ke ba su mai shi ne injekta, wanda a gareji aka fi kira nozul. Motocin nan su ma yanzu sun tsufa, kuma su ne a hannun yawancinmu. Darasin yau a kan masu shan fetur ne kawai.

Yadda nozul ke aiki

A cikin tanki akwai famfon mai. Shi ke turo fetur ta cikin filta har zuwa wani bututu da ke kwance a saman inji, wanda kanikawa ke ce wa rel. A jikin rel ɗin nozul ke jere, kowace silinda, wato ɗakin da mai ke ƙonewa a cikin inji, da nata: inji mai silinda 4 nozul 4, mai 6 nozul 6. Akwai wasu Golf 3 da nozul ɗaya tal ke ciyar da duk injin, amma wannan ba shi ne aka fi gani ba. Fetur ɗin da ke cikin rel a matse yake, kusan ba 3 (ba, wato "bar", shi ne ma'aunin matsi). Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta kai haka ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Nozul bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. A cikinsa akwai waya a nannaɗe, da allura, da ɗan sifirin da ke danne allurar ta rufe baki. Idan ƙwaƙwalwar mota, wato birenbos, ta aiko da wuta, wayar sai ta zama maganaɗisu ta ɗaga allurar, fetur ya fito fesss kamar feshin maganin sauro. Wuta na ɗaukewa, allura ta koma ta rufe. A yawancin motoci, kowane nozul na buɗewa sau ɗaya a duk juyi biyu na inji. To ka yi lissafi: inji a tsaye yana juyi kamar 800 a minti, ka ga kowane nozul na buɗewa ya rufe sau 400 a minti ɗaya. Abin da ya shekara 20 yana wannan aiki, ba abin mamaki ba ne don ya gaji.

Gajiyarsa iri uku ce. Ko ya toshe, man da ke fita ya ragu. Ko allurar ta daina rufewa sosai, ya riƙa ɗiga ko da mota a kashe take. Ko kuma wayar cikinsa ta ƙone, ya mutu murus.

Toshewa ita ta fi yawa a wajenmu, kuma mun san dalili. Ramukan bakin nozul ƙanana ne ƙwarai, ɗan datti kaɗan ya ishe su. Man jarka da ake saye a bakin titi wajen 'yan bumburutu yakan zo da ƙasa, wani lokaci har da ruwa. Tun da fetur ya yi tsada a 2023, mutane da yawa lita 3 ko 5 suke zubawa, tanki kullum a ƙasa, famfo yana zafi yana tsotsar abin da ya kwanta. Ga filtar mai da wani tun da ya sayi motar bai taɓa tambayar inda take ba.

Abin da motar za ta nuna maka

Inji zai riƙa rawa idan an tsaya, har ka ji sitiyari na kakkarwa a hannunka. In ka taka totur sai ta yi kamar za ta shaƙe kafin ta ɗauka. Kanikawa na cewa tana mis, wato silinda ɗaya ba ta ƙona mai. Fitilar nan mai hoton inji takan kama a gaban direba.

Nozul mai ɗiga yana da nasa alamomin. Salansa na fitar da baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur. In ka kashe mota da zafinta ka dawo bayan rabin awa, sai ka yi ta murza makulli kafin ta tashi, don fetur ya cika silinda. Zaro sandar gwada baƙin mai ka sansana: in kana jin fetur a ciki, man ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin mai, kuma wannan yana cinye inji a hankali. Ɗanyen man da ke bi ta salansa kuma yana ƙona wannan abin tace hayaƙi da ake wa laƙabi da indomi, wanda kuɗinsa ya ninka na nozul.

Sai shan mai. Daga Kaduna zuwa Zariya kamar kilomita 80 ne. A ce motarka a da tana yin kilomita 10 da lita ɗaya, lita 8 ta kai ka. In ta koma kilomita 7 a lita, sai ka zuba fiye da lita 11. Lita 3 ke nan a banza, zuwa kawai.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kusan duk waɗannan alamomi, mataccen fulogi ko koyil (abin da ke ba fulogi wuta) ko wayar fulogi na iya kawo su. Wani direban tasi daga Kawo ya taɓa zuwa garejin da nake aiki da nozul huɗu a leda, ya sayo su a Panteka da kuɗin da ya ranto.

Ya ce, "Oga, ga su nan, a sa mini kawai. An ce nozul ne."

Na ce, "Malam, wa ya gwada?"

Ya ce, "Ai da jin ƙarar motar aka faɗa mini."

Muka gwada. Koyil ɗaya ne ya mutu, nozul ɗinsa huɗu lafiyarsu ƙalau. Mai shago kuwa ya ce kayan wuta in sun fita ba sa dawowa. Saboda irin wannan ne rabin darasin nan ya tafi a kan gwaji.

Gwaji kafin saye

Fara da gano silindar da ba ta aiki. In akwai na'urar karanta mota a kusa, a jona ta. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da wurin jonawa, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. In ta nuna P0301, silinda ta 1 ce ke mis. P0302 ta 2 ce, haka har zuwa ƙarshe. Lambar ƙarshe ita ce silindar. In kuwa P0201 ko P0202 ta nuna, matsalar na kan layin wutar nozul ɗin ne. Ka lura: P0301 ta ce silinda ta 1 ba ta ƙona mai, ba ta ce nozul ne ba.

In babu na'ura, hannu ma na yi. Bar inji yana aiki a tsaye, ka cire soket ɗin wutar nozul ɗaya. In inji ya ƙara rawa kamar zai mutu, wannan silinda tana aiki, mayar da soket. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka cire nata inji bai ko canza murya ba, ita ce matacciya. Ka naɗe hannun rigarka, ka nisanci fanka da bel. Babbar riga da wannan aiki ba sa haɗuwa.

Yanzu kashe mota, ka kwance fulogin wannan silinda ka duba bakinsa. Baƙi ƙirin kuma jiƙe da fetur: ko mai ya yi yawa, ko wuta ba ta zuwa. Fari fat kuma a bushe: mai ba ya isa. Ɗauki fulogin da koyil ɗin ka musanya su da na silindar da ke kusa, ka tayar. In mis ya bi su ya koma can, ka tsira da kuɗinka, ba nozul ba ne. In ya tsaya a inda yake, sai mu juya kan nozul.

Samo dogon sukundireba. Ɗora bakinsa a jikin nozul, ka kanga kunnenka a marikin. Mai lafiya za ka ji yana ƙyas-ƙyas-ƙyas a jere ba tsayawa. Saurari duka huɗun don kunnenka ya san bambanci. Wanda ya yi shiru, ko ya mutu ko wuta ba ta isa gare shi. Amma mai ƙara ma yana iya kasancewa a toshe, domin ƙarar allura ce kake ji, ba fitar mai ba.

Daga nan sai mita, irin ta masu gyaran waya. Mota a kashe, cire soket, juya mita zuwa alamar om, ka taɓa ƙafafu biyu na nozul. Yawancin na ƙananan motoci suna nuna tsakanin 12 da 16. Akwai wasu tsofaffi da ke nuna 2 zuwa 5, kuma haka aka yi su. Don haka kada ka dogara da lamba ɗaya, auna duka ka rubuta a takarda. 'Yan gida ɗaya ne, dole lambobinsu su yi kusa da juna. Wanda ya fita daban, ko mita ta ƙi nuna komai a kansa, wayarsa ta tafi. In kuwa lambarsa daidai take amma ba ya ƙara, a kira mai gyaran wutar mota ya bi layin, wataƙila ɓera ne ya ci waya ko soket ya yi tsatsa.

Gwajin da ya fi kowanne yanke gardama shi ne musanya nozul ɗin kansa da na wata silinda. In mis ya bi shi, magana ta ƙare. Gani ya kori ji.

Wanda ya toshe kawai, sau da yawa wanki ya ishe shi. Akwai masu injin wanke nozul, wanda ke nuna feshin kowanne a cikin kwalbar gilashi, ka gani da idonka wanda ke feshi da wanda ke tsiyaya. Na fi son wannan a kan abin da wasu yara ke yi, su ɗaga rel a kan inji su murza makulli fetur na fantsama kusa da batir. Kuma kada ka yarda a sa allura ko waya a tsokaci bakin nozul. Ramin zai buɗe, motar ta koma shan mai har abada.

Wajen saye

Tafi da tsohon a hannunka. A jikinsa akwai lamba, ka kwafe ta a takarda, ka gwada da ta wanda za a ba ka harafi da harafi. Nozul biyu na iya zama kamar an tsaga kara, amma ɗaya ya fi ɗaya zubar da mai. In na Kwatano za ka saya, sa a auna shi da mita a gabanka, ku kuma yi magana a kan dawowa kafin ka biya. Robobin nan masu kama da zobe da ke sama da ƙasan nozul, sababbi za ka saya. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma tsohuwar roba ita ce kan gaba wajen sa fetur ya zubo a kan inji mai zafi.

Canzawa

A yi aikin a fili, inji a sanyaye. Ba taba, ba mai shayi da risho a kusa, kuma a ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi.

Ka tuna matsin nan na ba 3? Shi za a fara saukewa. Buɗe akwatin fis, ka cire fis ko rile na famfon mai, murfin akwatin yakan nuna wanne ne. Tayar da mota ka bar ta har ta mutu da kanta. Sannan cire kan batir mai alamar ragewa. Goge ƙura da yashin da suka taru a gindin nozul, musamman in lokacin hunturu ne, don kada su faɗa cikin inji in ka zare.

Cire soket-soket ɗin a hankali, robarsu ta tsufa, saurin karyewa gare ta. Kwance kusoshin da ke riƙe da rel, yawanci sifana 10 ko 12 ce. Shimfiɗa tsumma, don sauran mai zai zubo. Kama rel da hannu biyu ka ja shi a miƙe kana ɗan girgizawa. Kada ka sa ƙarfe ka banƙare shi. Zare ɗan ƙarfen da ke maƙale nozul a jikin rel, ka fitar da shi. Leƙa ramin: tsohuwar roba takan maƙale a ciki, in ka ɗora sabuwa a kanta ba za ta zauna ba. Toshe ramukan inji da tsumma mai tsabta kafin ka juya baya.

Shafa wa sababbin robobin ɗan baƙin mai sabo da yatsa. A bushe in ka tura su, za su yage ba ka sani ba. Tura nozul cikin rel har ya zauna, mayar da maƙalin, cire tsummokaran, daidaita duka a bakin ramukansu, ka danna rel ɗin gaba ɗaya. Fara ɗaura kusoshi da hannu kafin sifana, kuma kada ka matse kamar kana ɗaure taya. Mayar da soket har ka ji ƙyas, sai fis, sai batir.

Kada ka tayar tukuna. Murza makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, jira kamar daƙiƙa 3, ka kashe. Yi haka sau uku, a yawancin motoci famfo zai cika rel. Duba gindin kowane nozul, ka shafa da yatsa, ka sansana. Ko danshi ka gani, kwance ka sake. In a bushe yake, tayar, ka sake dubawa inji na aiki. A ranar ka canza filtar mai, in motarka mai filta a waje ce. In kuma tsohon nozul mai ɗiga ne, juye baƙin mai ka zuba sabo.

Duk abin da aka faɗa a nan bai shafi motar dizal ba. Matsin man dizal na zamani ya haura ba 1,000, yana iya huda fata ya shiga jiki. Wannan a kai wa masu aikinsa.

Aikin gida

Wani bakanike ya auna nozul huɗu na mota ɗaya. Na farko ya nuna 13.1, na biyu 12.9, na uku 4.0, na huɗu 13.3. Kwafe lambobin a littafinka, ka ja layi a ƙarƙashin wanda ya fita daban. In an jona na'ura a wannan mota, wace lamba kake zaton za ta nuna, P0301 ko P0303? Rubuta amsarka, ka zo da ita aji tare da tsohon fulogi ɗaya in za ka samu, mu karanta bakinsa tare.