Yadda Za a Raba Ƙungiyar Masu Kiwon Tattabaru da Kasuwancin 'Ya'yanta

Ƙungiyar masu sha'awar tattabaru a Bauchi takan fara ne da mutum goma ko sha biyar da ke haɗuwa da la'asar, a Jahun ko Yelwa ko Fadaman Mada, a duba tsuntsayen juna, a yi musayar ƙwai da dabarun kiwo. Ba a daɗewa sai a tarar cikin mambobi akwai mai kai 'yan shila kasuwar Muda Lawal, akwai mai shagon gero da dawa, akwai mai sayar da maganin kaji. Wannan ba aibu ba ne, su ne ma galibi suka fi sanin tsuntsu. Ɓarnar tana farawa ranar da sabon shiga ya ce tattabararsa tana murɗe wuya, tana sara ƙwaya tana kuskurewa, sai a turo masa hoton kwalbar magani da farashi. Irin wannan murɗewa sau da yawa cutar bairos ce, dangin Newcastle ta kaji, kuma maganin kashe bakteriya ba ya warkar da ita. Abin da ya kamata ya ji shi ne ya ware ta nan take, ya wanke kwanon ruwa, ya nemi likitan dabbobi. In bai ji haka ba, kafin ya gane, akurkin duka ya kamu.

Saboda haka matakin farko shi ne kowa ya bayyana sana'arsa. Sakatare ya buɗe littafi, ya rubuta sunan mamba da abin da yake sayarwa da ya shafi kiwo, a sabunta duk shekara. Wanda ke sayar da magani zai iya ba da shawara, amma ya fara da cewa yana sayarwa, kuma ya faɗi sunan sinadarin maganin don mutum ya saya inda ya so.

Zauren WhatsApp ku raba shi biyu. Na farko na ilimi ne da sanarwar taro, ba farashi, ba lambar asusu, ba "mai so ya biyo ni ta baya". Na biyu na ciniki ne, shiga ganin dama, kuma a rubuta a samansa cewa ƙungiya ba ta lamuncewa kowa. Ware rana ɗaya ta talla a zaure guda ba ya ɗorewa, domin tallan Juma'a yana malalowa har Talata. Masu kula da zauren ilimi su zama uku, biyu daga cikinsu ba 'yan kasuwar tsuntsu ba. Lambobin wayar mambobi amana ce, ba a kwashe su a yi talla da su.

Wurin da zumunci ya fi lalacewa shi ne kuɗi. Kada kuɗin wata ya shiga asusun wani mamba ko POS ɗin shagonsa ko da na kwana ɗaya ne, don da ya cakuɗa da cinikin rana, shi kansa ba zai iya tantancewa ba. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, sai biyu sun sa kuɗi ya fita. Banki zai nemi takardar rajista. A hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, ana yi wa irin wannan ƙungiya rajistar amintattu, wato mutanen da za su riƙe dukiyar ƙungiya amana, a ƙarƙashin Sashe na F na dokar kamfanoni ta 2020: amintattu aƙalla biyu, kundin tsarin mulki, sanarwa a jaridu biyu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Dokar ta hana raba wa mambobi riba daga dukiyar ƙungiya. In wasu na son sarin hatsi su raba riba, su kafa ƙungiyar gama kai tasu daban, da sunanta da asusunta.

Idan ƙungiya za ta sayi gero ko allurar rigakafi a dunƙule, a nemo farashi daga wuri uku a rubuce. Mamba yana iya kawo nasa, amma ya fita daga ɗaki lokacin yanke shawara, ko da shugaba ne, a kuma rubuta fitarsa a bayanan taro. Wanda aka aika sayayya a biya shi kuɗin mota a fili, kada ya karɓi la'ada ta bayan fage.

Ranar baje koli, a ajiye kejin sayarwa nesa da na gasa, kowane da ruwansa. Alƙalin gasa kada ya zama wanda ya sayar da tsuntsun da ke takara. Duk wanda ya sayi tattabara a ranar ya killace ta mako uku zuwa huɗu kafin ya haɗa da nasa.

Sunan ƙungiya da tambarinta ba sa hawa allon shago ko buhun abinci. Wanda ya saɓa wa waɗannan ƙa'idoji, gargaɗi a keɓe karo na farko, cirewa daga zaure na wata ɗaya karo na biyu, na uku kuma a kai maganarsa gaban babban taro. Rikicin bashi ko na tsuntsun da ya mutu bayan ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa ne. In suna son sulhu, su zaɓi dattijo da kansu, amma ko kwabo ba ya fita daga asusun ƙungiya don biyan diyya.