Kurakuran da muke tafkawa wajen hasashen gem ɗin hannu mai zuwa

Da zarar an ce wani kamfani na shirin fitar da sabon gem ɗin hannu, wato na'urar buga gem mai sikirin da batir da ake riƙewa a hannu, musu ya samu a majalisu da shagunan buga gem, daga Tudun Wada har Kawo. Wannan ya ce zai zo da ƙarfin PS5, gem ɗin Sony da ake haɗawa da talabijin, wancan ya ce caji ɗaya zai yi kwana biyu, wani kuma ya zaro waya ya nuna hoton da ya rantse daga cikin kamfanin aka sato shi. Hasashe ba laifi ba ne, rabin daɗin harkar ma ke nan. Sai dai yawancin abin da muke kira hasashe buri ne kawai, kuma burin kan sa mutum ya karyar da gem ɗin da ke hannunsa, ko ya ƙulle kuɗinsa yana jiran abin da ba za a taɓa ƙerawa ba.

Kuskuren da ya fi kowanne girma shi ne a fara lissafi daga ƙarfi. Daga batir ake farawa. Steam Deck na farko, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2022, batirinsa Wh 40 ne. Ma'ana zai iya ba da wat 40 na tsawon awa ɗaya, ko wat 20 na awa biyu, ko wat 10 na awa huɗu. PS5 kuwa idan ana buga gem mai nauyi yana jan wajen wat 200 daga soket. Raba 40 da 200 ka gani: minti 12 batir ya mutu. Don haka mai cewa gem ɗin hannu zai yi aikin PS5 sak yana neman a ɗora injin tirela ne a kan Keke Napep. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne duk bayan 'yan shekaru ana samun ƙwaƙwalwar na'ura mai yin aiki da yawa da wuta kaɗan, wannan ci gaban kuma a hankali yake tafiya, ba ya tsalle.

Wani zai ce to a ƙara girman batirin mana. An yi. ASUS ya ninka na ROG Ally daga Wh 40 zuwa 80 a samfurin Ally X na 2024. Amma akwai iyaka. Batir nauyi ne da shi, kuma Steam Deck da ma ya haura giram 600, wanda duk ya riƙe shi a kwance ya san yadda tsintsiyar hannu ke yi bayan awa guda. Sannan ƙa'idar jiragen sama ba ta yarda a shiga da batir da ya wuce Wh 100 ba sai da izini, da wuya kuma a samu kamfanin da zai ƙera abin tafiya da ba a hawa jirgi da shi. Nintendo ma bai ko kusanci nan ba: batirin Switch 2 mAh 5,220 ne, kusan daidai da na wayar Tecno ko Infinix da ke aljihunka, kuma kamfanin da bakinsa ya ce awa 2 zuwa 6 da rabi yake yi. Gyaran wannan kuskure mai sauƙi ne. Duk wanda ya kawo maka labarin ƙarfi, tambaye shi wat nawa na'urar za ta ja, batirin kuma Wh nawa ne. In ba shi da amsa, shaci-faɗi yake yi.

Wutar da na'ura ta ja ba ɓacewa take yi ba, zafi take zama, a nan ne kuma mu mutanen Kaduna ya kamata mu fi kowa nutsuwa. Nintendo da Valve duk sun nuna cewa na'urorinsu sun fi sakewa idan zafin wuri bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Maris da Afrilu da rana tsaka mukan wuce haka, balle a ɗaki mai rufin kwano da aka ɗauke wuta. Idan na'ura ta yi zafi da yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ka ga hoto ya fara tsinkewa. Ƙurar hunturu kuma nata aikin daban. Tsaya wurin mai gyara a lokacin da ya kwance bayan gem ɗin da ya yi shekara biyu a gari: ƙura ta daskare a fikafikan fankar kamar auduga, ramukan fitar iska sun toshe, sai ya sa tsohon buroshin haƙori yana kankarewa yana hurawa. Irin wurin ne za ka ji yaro yana cewa, "Oga, ai an ce mai zuwa ba ya zafi ko kaɗan." Shi kuwa ko ɗago kai ba ya yi, sai ya ce, "Ƙanena, in dai yana cin caji, zai yi zafi." Gaskiyarsa. Duk ƙarin ƙarfi da kake fata, ƙarin fanka ne da ƙarin ƙara da ƙarin ƙurar da za ta shiga.

Daga nan sai maganar 4K a sikirin ɗin hannu, wadda ba ta ma cancanci dogon musu ba. Ɗigogin hoton 4K sun ninka na 1080p sau huɗu, aikin na'ura da cin batir su ma haurawa za su yi, a kan sikirin mai inci 7 ko 8 kuma ido da ƙyar zai ga bambanci. Ɗigogin sikirin ɗin Steam Deck 1280 da 800 ne, Switch 2 kuma 1080p a inci 7.9, sai an ɗora shi a mazauninsa an haɗa da talabijin yake kaiwa 4K. Inda kamfanoni suka karkata shi ne dabarar zana hoto ƙarami a faɗaɗa shi ya fito tas, irin DLSS na Nvidia da FSR na AMD. Wanda ya yi hasashen ci gaba ta wannan fuskar, ko ta fuskar sikirin OLED mai haske da kyan kala, ya fi kusa da gaskiya.

Akwai kuma masu ɗauka cewa wanda ya fi ƙarfi shi zai ci kasuwa. Tarihi ya sha ƙaryata su. Game Boy na Nintendo ya fito a 1989 da sikirin marar kala da batir huɗu irin na tocila ƙarama, waɗanda ke kai mutum awanni masu yawa. Game Gear na Sega ya biyo baya da kala da haske, yana cinye batir shida cikin 'yan awanni. Game Boy da ƙaninsa mai kala sun sayar da sama da miliyan 118, Game Gear bai wuce wajen miliyan 10 ba. A 2004 aka sake karawa: PSP na Sony ya fi DS na Nintendo kyan hoto nesa ba kusa ba, ya kuma yi kasuwa ƙwarai, wajen miliyan 80, amma DS mai sikirin biyu da aka yi ta yi wa dariya ya haura miliyan 150. Switch na 2017 da ƙwaƙwalwar Tegra X1 ya zo, wadda tun 2015 take kasuwa, amma hakan bai hana shi cin kasuwa ba. In kana son ka san wanda zai yi nasara, duba farashi da gem ɗin da za a buga a kansa, ka bar ƙidayar ƙarfi ta zo daga baya.

Haka nan ba kowane sabon salo ne ke zama ba. 3DS ya zo a 2011 da hoto mai fitowa waje ba tare da tabarau ba, aka yi ta zuzutawa. Cikin 'yan watanni Nintendo ya sauke farashinsa daga dala 250 zuwa 170, a 2013 kuma ya fitar da 2DS wanda aka cire wa abin gaba ɗaya. PS Vita na Sony yana da wurin shafawa a bayansa da mafi yawan masu gem ba su san me za su yi da shi ba, ga katin memori na musamman mai ɗan karen tsada da ya taimaka wajen durƙusar da shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Idan an ce mai zuwa zai naɗe kamar takarda ko zai haska hoto a bango, tambaya ɗaya ce: masu ƙirƙirar gem za su ɓata lokacinsu a kai?

Sai batun inda muke ɗauko labari, wanda a ganina ya fi kowanne ɓata mana lokaci. Hoto mai sheƙi da ke yawo a WhatsApp da TikTok galibi zanen wani mai sha'awa ne, yanzu ma manhajojin ƙirƙirar hoto sun sa kowa na iya haɗa shi kafin shayi ya huce. Takardar rajistar ƙirƙira ita ma ba alkawari ba ce. Kamfanoni na rajistar dabaru barkatai don kada a riga su, yawancinsu kuma a takarda suke ƙarewa. Har manyan kafofi kan yi tuntuɓe. A 2021 an yi ta ruwaito cewa sabon Switch mai 4K na tafe, mutane har suka raɗa masa suna Switch Pro. Da ya fito a Oktoba, sikirin OLED mai inci 7 ya tabbata, ƙwaƙwalwar kuwa ita ce dai ta da, babu 4K. Lura da abin da ya tabbata da wanda ya faɗi. Labarin sikirin ya fito ne daga masu sayar wa kamfanin kaya, abu ne da ake odarsa da miliyoyi, ɓoye shi da wuya. Haka siffar Switch 2 ta fallasa daga masu ƙera riguna da jakunkunansa tun kafin Nintendo ya nuna shi a Janairun 2025. Mafi inganci kuma shi ne abin da kamfani ya faɗa da bakinsa, musamman ga masu hannun jari, don a nan ƙarya tana da hukunci. Shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, tun Nuwamban 2024 ya bayyana cewa gem ɗin Switch za su yi aiki a kan magajinsa, haka kuma aka yi, in ban da 'yan kaɗan. Ma'aikatan Valve su ma sun sha faɗa cewa ba za su fitar da Steam Deck na biyu ba sai an samu ƙarin ƙarfi na gaske wanda ba zai kashe batir ba. Mai sa masa ranar fitowa duk wata, ƙanzon kurege yake sayarwa.

Wani kuskuren namu ne na kanmu: mu ari hasashen wanda ke zaune a Amurka ko Japan mu yafa. Shi yana murna cewa nan gaba ba sai na'ura ta yi aikin komai ba, daga intanet za a riƙa turo hoton gem kai tsaye. Google ya gwada haka da Stadia a 2019, ya rufe shi a Janairun 2023. PlayStation Portal na 2023 ma ba ya buga komai da kansa, sai da intanet mai ƙarfi. Irin wannan wasa yana iya shanye sama da GB 10 a awa ɗaya, ga shi a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Ko da kana da kuɗin data, akwai jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa, tunda na'urorin da ke aikin suna wata ƙasa mai nisa. Hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ka ƙirga sau nawa sabis ke ɗaukewa, sannan ka dawo mu yi maganar. Abin da ya kamata mu sa wa ido shi ne kaset, wato katin da gem ke zuwa a ciki. Switch 2 ya zo da wani nau'i da ake kira Game-Key Card: kwali da kati kamar kullum, amma babu gem a ciki, mabuɗi ne kawai, sai ka sauko da GB masu yawa kafin ka fara. Karanta gaban kwali kafin ka biya, akwai rubutun a ƙasa. In wannan salo ya yaɗu, ya fi shafar aljihunmu a kan kowace maganar 4K.

Farashi ma da dala muke hasashensa, mu manta da naira za mu biya. Switch ya fito a dala 300, Switch 2 a dala 450 ranar 5 ga Yunin 2025. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. A kan 1,500 kaɗai, dala 450 ta zama naira 675,000, ba a sa kuɗin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwar da ya ɗauko daga Dubai ko Legas ba, ba a sayi kaset ko ɗaya ba, tsohon memorinka kuma ba zai ɗauki gem ba sai sabon nau'in microSD Express. Tsohuwar dabarar "bari ya kwana biyu ya sauko" ita ma ta fara ƙin ci, don a Agustan 2025 Nintendo ƙara wa tsohon Switch kuɗi ya yi a Amurka, shekara takwas bayan fitowarsa. Saboda haka kada ka sayar da na hannunka a kan jita-jita. Jira a sanar da farashi da ranar fitowa, ka buga lissafi da canjin ranar.

Abin da ba a cika kawowa a musu ba, alhali a kansa ne hasashe ya fi tsayawa da ƙafafunsa, shi ne gyara da caji. Tarayyar Turai ta wajabta cajar USB-C a kan ƙananan na'urori, har da gem ɗin hannu, tun ƙarshen 2024, tana kuma da dokar da za ta fara aiki a 2027 wadda ke neman a ƙera su yadda mai su zai iya canja batir da kansa. Kamfani ba ya son rasa kasuwar Turai, don haka za ka iya sa ran sababbin da ke tafe za su ci caji da irin cajar wayar da kake da ita, ko fawa bank mai ƙarfi, ko sola, batirinsu kuma zai fi sauƙin cirewa idan ya kumbura. Ga mu da yawancinmu na hannu muke saye, bayan wani ya yi shekara biyu yana murza shi, tambayar da za a yi wa mai shago ita ce ko analog ɗin, wato ɗan sandan da ake juyawa da babban yatsa, yana tafiya da kansa kamar yadda hannayen Switch na farko suka yi ƙaurin suna, ko ana samun kayan gyaransa a kasuwa, da kuma ko da sukurudireba ake kwance bayan, ko manne shi aka yi da gam.