Yadda Ake Haɗa Tankin Kifin Ado A Gida Ba Tare Da Kifin Sun Mutu A Satin Farko Ba

Kiwon kifin ado ya fara shiga Katsina sosai, ka shiga falon wani a GRA ko wani shagon aski a Ƙofar Ƙaura sai kaga ɗan akwatin gilashi da kifaye masu launi suna ta kai da kawowa gwanin sha'awa. Amma koma bayan sati biyu, sau da yawa gilashin kawai zaka tarar an kife shi bayan ƙofa, mai shi yana cewa ai an sayar mashi da kifi marar lafiya. Alhali kifin lafiyarshi lau ya zo, ruwan ne ya kashe shi, kuma gaggawa ce ta jawo. Abin yana ci mani rai wallahi, don waɗannan rayuka ne da mu muka ɗauko su muka tsare a gilashi, basu da inda zasu gudu. To ga yadda ake bin abin daki-daki, da wuraren da sababbin shiga suka fi tuntuɓe.

Fara da tanki, kar ka fara da kifi. Mutane suna zaton ƙaramin gilashi, irin mai zagayen nan ko kwalbar alawa, shi yafi sauƙi ga mai koyo, kuma shi ne mafi wahala, saboda ruwa kaɗan nan da nan yake ɓaci, nan da nan yake ɗaukar zafi. Ka nemi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wannan yana cin lita 54, wato jarka biyu ta lita 25 da ɗan ɗori. In masu gilashi zasu haɗa maka, ka ce gilashi mai kaurin milimita 6, kuma silikon ɗin da za a liƙe gilashin da shi ya zama zalla, ba irin na banɗaki da ake sa mashi maganin hana fumfuna ba, wannan guba ne ga kifi. Ka cika shi a tsakar gida ya kwana biyu kaga ko yana yoyo kafin ya shiga ɗaki.

Sai wurin ajiyewa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, in ka haɗa da tsakuwa da gilashin kanshi abin ya haura buhun siminti nauyi, don haka ɗan tebur na roba ko kan tsohuwar durowa mai rawa ba zai yi ba. Wuri mai ƙwari, a miƙe, ka shimfiɗa katifar soso siririya a ƙarƙashi. Kar ka sa shi jikin taga inda rana ke bugawa, ruwan zai yi zafi kuma gansakuka ta rufe gilashin kore shar cikin 'yan kwanaki. Kuma da zarar ka cika shi an gama maganar matsarwa, ba a ɗaga tanki da ruwa a ciki.

Abin shimfiɗawa a ƙasan tanki kuwa, tsakuwa ko yashin rafi duk suna yi, ka dai wanke su da ruwa zalla har sai ruwan ya daina fitowa da dauɗa. Ba omo, ba sabulu, ba bilic, ko sau ɗaya. Ka ware bokiti guda da soso guda waɗanda ba a wanki da su, ka faɗa ma mutanen gida na kifi ne.

Ruwa kuma ya danganta da inda kake samu. In ruwan famfo ne irin wanda ake turowa daga dam ɗin Ajiwa, an sa mashi kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, mu yana mana amfani, kifi kuma ƙona mashi wurin numfashi yake. Ka tara a bokiti a buɗe ya kwana ɗaya ko biyu, in kana da maganin cire kulorin na kifi ka ɗiga shi yafi tabbas. Ruwan burtsatse bashi da kulorin amma yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma ya kwana kafin ka zuba. Wanda nafi jin tsoro shi ne na 'yan garuwa, ba don ruwan ba, don jarkar, baka san me ta taɓa ɗauka ba, in ka sunsuna ka ji alamar fetur ko kalanzir ka bar shi ayi wanki da shi.

Yanzu ga wurin da kusan kowa ke faɗuwa, don Allah a nutsu a nan. Ka cika tanki, ka kunna famfon iska mai hura iska cikin ruwa da filtar soso mai tace shi, ruwa ya kwanta garau, zuciya tana cewa je ka sayo kifi. Kar ka je. Kifi yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya ta kashi da ta numfashi, ragowar abinci ma in ta ruɓe shi take zama, kuma guba ne da ido baya gani, ruwa yana iya zama fes alhali cike yake da shi. Abin da ke cinye shi wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da suke zama jikin soson filta da tsakuwa, kashi na farko su juya amoniya ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne, kashi na biyu su juya wannan ya koma naitiret mai sauƙin illa, shi ne kake ragewa in kana canjin ruwa. A sabon tanki babu waɗannan ƙwayoyin, kuma kafin su yi yawa sai an ɗauki sati 4 zuwa 6. Shi yasa kifi ke fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya a kwanakin farko mutum yana ta mamaki. Yadda zaka yi shi ne ka bar filta tana aiki ba kifi, duk bayan kwana biyu ka jefa ɗan abincin kifi kaɗan ya ruɓe a ciki don ƙwayoyin su samu abin ci. Ruwan zai iya yin fari-fari a satin farko, kar ka zubar, da kanshi zai washe. In kana da aboki mai tsohon tanki lafiyayye, roƙe shi ya matse maka soson filtarshi a leda, wannan baƙin ruwan mai kama da ƙazanta ka juye a naka, yana rage kwanakin jira sosai. Na san jiran da wuya musamman in yara sun tasa ka gaba kullum Baba ina kifin, amma sauri shi ke haifar nawa.

In lokaci yayi, zaɓi kifin da ya dace da garinmu. Gupi da moli suna son ruwa mai ɗumi, digiri 24 zuwa 28, suna da juriya, kuma haihuwa suke ba ƙwai ba. Golfish da kowa ke rububi asalinshi daga Sin yake, kifin ruwan sanyi ne, yana haura santimita 15, yana iya shekara 10 da ɗoriya, ga yawan kashi, ƙwaya ɗaya ma in ya girma wannan tankin yayi mashi kaɗan, ni bana ba mai koyo shawarar farawa da shi a zafin Katsina. Beta kyakkyawa ne amma maza biyu basa zama wuri ɗaya, sai ɗaya ya illata ɗaya. Kuma kar wani ya baka ɗan tarwaɗa ka jefa ciki wai ai ƙarami ne, zai girma ya haɗiye sauran cikin dare. Fara da ƙwaya 3 ko 4, bayan sati biyu ka ƙara, har ka tsaya wajen gupi 8 zuwa 10, duk namiji ɗaya da mata biyu.

Ranar da suka iso, musamman in daga Kano aka sako maka su a mota sun sha zafi da jijjiga, kar ka kwance leda ka juye. Ɗora ledar a ɗaure saman ruwan tanki minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita, sannan ka buɗe kana ɗan zuba ruwan tankinka a ciki kaɗan-kaɗan, sai ka kwashe kifin da 'yar raga ka sa, ruwan ledar kuma ka zubar waje. Ranar kar ka basu abinci.

Abinci ya kashe kifin ado fiye da yunwa. Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da zasu cinye cikin minti 2, shikenan. Kullum in ka matso zasu taso suna buɗe baki, ba yunwa bace, sabo ne. Matsalar gidajenmu kowa na son ya ciyar, maigida ya zuba da safe, uwargida ta zuba, yara su dawo daga islamiyya su jefa biredi da biskit, wani har loma ta tuwo, duk ya nutse ya ruɓe ya koma amoniyar nan. Mutum ɗaya ya riƙe aikin, robar abincin kuma a ɗora ta inda hannun yara baya kaiwa.

Wanki kuma ba a yin na gaba ɗaya. Wasu duk Juma'a sai su kwashe kifi a roba, su zubar da ruwa kaf, su goge komai tas, sun kashe ƙwayoyin da aka sha wahalar tarawa an koma farko. Duk sati ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo, wajen rabin jarka kenan, kana cusa bakin tiyon cikin tsakuwa yana jawo dattin, ka mayar da ruwan da ya kwana. Soson filta in ya toshe ka matse shi cikin wannan tsohon ruwan da ka cire, ba ƙarƙashin famfo ba. In ka wayi gari kaga kifi sun taru a sama suna haki, ko sun naɗe fikafikai sun lafe a kusurwa, canza rabin ruwan nan take, ka tsayar da abinci kwana biyu, kafin ka fara tunanin wani magani.

Sai namu na gida, wuta da yanayi. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ruwa mai zafi kuma baya riƙe iska sosai, ga shi lokacin aka fi ɗauke wuta. Ka mallaki ɗan famfon iska mai amfani da USB wanda zaka jona a fawa bank, ya fi duk wani fulawar roba da zaka saya muhimmanci. In babu, ɗebi ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci, kuma kar ka ciyar har wuta ta dawo. Buɗe murfi ka juya fanka tana kaɗa saman ruwan, in abin yayi tsanani ka ɗora gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe tana yawo a ciki, banda jefa ƙanƙara kai tsaye. Da hunturu kuma, Disamba da Janairu, sanyin asuba yana saukar da ruwan sosai, a lokacin ne zaka ga fararen ɗige-ɗige sun feso jikin kifi yana goga jikinshi da dutse. Hita mai wat 50 ta ishi wannan tankin, ka riƙa zare ta daga wuta kafin ka rage ruwa, in ba wuta ka lulluɓe gilashin da bargo da dare, murfi kuma ya zauna saboda ƙura.

Maganin sauro ma ya gama da tankuna da yawa ba a gane ba. Na fesawa, da fiya-fiya, da na kunnawa, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi, kuma famfon iska iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Kafin a fesa ka kashe famfon, ka rufe tankin ruf da leda ko jiƙaƙƙen tawul, sai an buɗe tagogi warin ya fita ka kunna. Haka in za a turara ɗaki da turaren wuta mai yawa. Hannun da ya sha mai ko turare ma a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin ya shiga tanki.

In tafiya ta kama ka, ko zuwa Daura hawan sallah ko biki na kwana 3 ko 4, kar ka zuba masu abincin kwanakin a lokaci ɗaya, manyan kifi masu lafiya suna jure wannan ba ci. Canza ruwa ana gobe zaka tafi, ka bar famfo a jone, in kuma tafiyar zata kai sati ka ƙulla abincin kowace rana daban a 'yar takarda ka ba wanda zai duba maka, sauran robar ka ɓoye ta.